Yadda za ka tsaya da ƙafarka a sabon wurin aiki a Saudiyya idan kai ya ɗau zafi

Kwanana tara da fara aiki a sashen siyana, wato gyare-gyare, na wani otal a unguwar Aziziyya ta Makka, na rufe ruwan hawa na bakwai gaba ɗaya saura minti ashirin a kira azahar. Mudir ɗinmu, wato manaja, ɗan Masar ne, ya yi magana ta oba-oba cikin sauri da hayaniya, ya ce "dor rabi'", wato hawa na huɗu, ni kuma kunnena ya jiyo na bakwai, "dor sabi'". Na ce "tayyib", wato to, kamar na gane, na hau na murɗe famfon. Can hawa na huɗu bututu yana ta ambaliya cikin silin, nan hawa na bakwai 'yan Umara sun tsaya gaban famfo da hannun riga a naɗe. Da aka gano ni ne, sai na shige ɗakin ajiyar kaya na zauna kan bokitin fenti, gumi yana bin bayana duk da sanyin na'ura. Abin da ke yawo a kaina guda ne: ashe ban iya komai ba, kuskure suka yi da suka ɗauke ni, yau kuma asiri ya tonu.

Wani dattijo ne ya same ni a wurin, direban motar otal ɗin, Bahaushe haifaffen Makka wanda kakansa ya zo ta Sudan da ƙafa. Ya leƙo ya ce, "Ɗana, ruwa ka kashe ko mutum?" Na ce, "Ruwa, Baba." Ya ce, "To tashi ka je ka kunna."

Shekara shida ke nan, kuma tun daga lokacin na zauna da sababbin zuwa da dama, masu gyara irina, direbobi, ma'aikatan jinya, har da wani likita da ya yi shekara goma yana aiki a gida amma ya ce mini ji yake kamar yau ya fito daga makaranta. Abin da zan jera a ƙasa shi ne abin da nake sa su yi, bi da bi. Da "kai" zan yi magana don sauƙi, amma 'yar'uwa, har da ke.

Mataki na farko: yau da dare, ka zazzage kan naka a takarda

Damuwar sabon aiki a dunƙule take zuwa, shi ya sa take da nauyi. Ka ce "na kasa", alhali ba ka ma san mene ne ka kasa ba. Bayan isha'i ka samu takarda, ka ja layi biyu ka raba ta gida uku.

A gidan farko ka rubuta abin da ba ka iya ba tukuna, ɗaya bayan ɗaya, da sunansa. Kar ka rubuta "ban iya kwamfutarsu ba". Rubuta "ban san yadda ake rufe takardar aiki a manhaja bayan na gama gyara ba". A gida na biyu ka sa abin da ya kamata a ba ka amma ba a ba ka ba: makulli, lambar shiga na'ura, jadawalin dawam, wato lokutan aiki, sunan wanda za ka kira idan abu ya ɓaci da dare. Gida na uku kuwa na abin da ba na aiki ba ne amma ya bi ka wurin aikin: bashin da aka ci aka turo ka, jinyar mahaifiya, igamar, wato katin izinin zama, da ba ta fito ba, rashin barci.

Ranar da na yi nawa, gidan farko abu goma sha ɗaya na samu. Na ƙirga sau biyu don ban yarda ba, ni da nake ganin sun kai ɗari. Gida na biyu ya fi ba ni mamaki, domin kusan rabin abin da nake zargin kaina a kai ba laifina ba ne, babu wanda ya taɓa nuna mini taswirar bututun ginin. Gida na uku ba a wurin aiki za a warware shi ba, amma da ka gan shi a rubuce za ka daina ɗora wa ƙwaƙwalwarka laifin da na aljihu ne.

Wannan jin cewa kai sojan gona ne da za a kama ba daga kanka aka fara ba. Tun 1978 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Pauline Clance da Suzanne Imes, suka yi rubutu a kansa, kuma mutanen da suka gan shi a jikinsu mata ne masu digiri da manyan muƙamai, ba ragwaye ba.

Mataki na biyu: ka karanta kwantiraginka da idonka

Yawancinmu hannu kawai muka sa. Sai mutum ya yi ta kwana da fargabar kora bai san ma a wane matsayi yake ba. Idan a kamfani kake, ka shiga Qiwa, dandalin Ma'aikatar Ƙwadago, ka buɗe kwantiragin da aka yi maka rajista. In Larabcinka bai kai ba, ka samu wanda ka amince da shi ku karanta tare. Abu huɗu za ka nema: sunan aikinka, albashi da alawus, awannin aiki, da lokacin gwaji, wanda suke kira fatrat tajriba.

Lokacin gwajin nan shi ne ke hana sabon zuwa barci, don haka ka san iyakarsa. Doka ta ce sai an rubuta shi ƙarara a kwantiragi, kuma bayan gyaran da ya fara aiki a Fabrairun 2025 ba ya wuce kwana 180 duka-duka. Hutun Sallah biyu da kwanakin jinya ba sa shiga lissafi. A cikinsa kamfani na iya sallamarka, kai ma kana iya ajiyewa, kuma babu kuɗin ƙarshen aiki. Ba daɗi, amma gara ka sani. Ka ƙirga ranar da zai ƙare ka rubuta a bayan takardarka ta jiya.

Sauran kuwa a taƙaice: awa 8 a rana ko 48 a mako, a Ramadan awa 6 ko 36 ga Musulmi. Ba a haɗa maka fiye da awa 5 a jere ba tare da hutun aƙalla rabin awa na salla da abinci ba. Kana da hutun yini guda a mako, da hutun shekara na aƙalla kwana 21. Awar da ta haura ƙa'ida ana biyanta da ƙarin kashi 50 cikin 100 na asalin kuɗin awa. Kuɗin igama da na izinin aiki a wuyan mai aiki suke. Masu aikin gida, direban gida da mai aikatau, tsarinsu daban ne, kwantiraginsu ta dandalin Musaned yake bi.

Mataki na uku: ka daina cewa "tayyib" kan abin da ba ka gane ba

A nan zan daɗe, don nan ne Bahaushe ya fi faɗuwa, kuma ba rashin basira ke kayar da shi ba, kunya ce. Mun taso an koya mana cewa babba ba ya magana ka ce ya maimaita. Ga kuma wanda ya yi Islamiyya ko ya sauke littattafai a zaure, ya zo da yaƙinin ya iya Larabci, sai ya tarar kalmar "yanzu" kaɗai ta rabu gida biyar. A littafi "al'ana" ce. Mutumin Jidda da Makka zai ce "dahhin", na Riyad ya ce "alhin", ɗan Masar ya ce "dilwa'ti", Basudane ya ce "hassa". Ga kuma Larabcin leburori da 'yan Indiya da Pakistan da Bangaladash suka gina, irin su "ana mafi ma'lum" da "inta jib sur'a", wanda babu nahawun da zai taimake ka a kansa. Ranar farko da na yi wa wani abokin aiki magana da Larabcin littafi har da wasulan ƙarshe, tambayata ya yi ko limanci na zo yi. Aka yi ta dariya, ni ma na yi, amma da daddare abin ya ci ni.

Ga yadda za ka yi. Duk umarnin da aka ba ka, ka mayar wa mai shi da bakinka kafin ka ɗaga ƙafa: "Ya'ni asakkir almoya fi dor arba'a, sah?" Wato in rufe ruwan hawa na huɗu, haka ne? Daƙiƙa biyar ce, kuma da na yi ta a ranar nan da babu labarin da zan ba ku. Lura da cewa "arba'a" na ce, ba "rabi'" ba. Lambobin jeri suna kama da juna a oba-oba da waya, don haka ka mayar da su lambar ƙirge, in ido na ganin ido ka haɗa da yatsu.

Ka haddace jimla uku ka riƙa sakinsu ba tare da ka sunkuyar da kai ba: "Ma fihimt, id law samaht", ban gane ba, maimaita don Allah, "shwayya shwayya", a hankali, da "arsil li fil WhatsApp", turo mini a rubuce. Ta ukun ta fi sauran amfani, domin a nan rabin aiki a WhatsApp ake yinsa, kuma saƙo rubutacce kana iya karanta shi sau uku, ka fassara, gobe kuma ya zama shaida idan aka ce ba haka aka ce maka ba.

Sannan kullum ka tsinci kalma biyar daga bakin mutanen sashenka, ba daga ƙamus ba. Sunan kayan aiki, sunan wurare, kalmomin da mushrif, wato mai kula da ku, yake yawan faɗa idan ransa ya ɓaci. Ka rubuta su yadda kunnenka ya ji, da boko ko da ajami. Kalma biyar sau kwana talatin 150 ke nan, kuma yaren kowane sashe bai cika faɗi ba, abu ɗaya ake ta juyawa.

Wani abu da ya ɗauke ni wata biyu kafin in gane: ɗaga murya a nan ba kullum faɗa ba ne. Mudir zai yi maka "yalla, yalla" kamar zai haɗiye ka, bayan minti goma ya miƙo maka shayi. Kafin ka ɗauki tsawa ka kai ta ɗaki ka kwana da ita, duba ka gani ko haka yake yi wa wanda ya shekara goma a wurin.

Mataki na huɗu: littafin aljihu, da mutum ɗaya

Ka sayi ƙaramin littafi da biro. Waya ma tana yi, amma wanda ya gan ka kana latsa waya zai ɗauka hira kake, wanda ya gan ka da biro ya san koyo kake. Duk abin da aka nuna maka ka rubuta matakansa nan take. Tambaya ta farko kyauta ce, ta biyu ma ana haƙuri, ta uku a kan abu ɗaya ita ce ke sa a fara kallon juna.

Sai ka nemi mutum guda da za ka riƙa tambaya. Ba lallai Bahaushe ba, ba lallai babba ba. Ka yi kwana biyu kana kallo: wa mutane suke nufa idan abu ya cije? Nawa wani ɗan Kerala ta Indiya ne mai gyaran lantarki, ba ya yawan magana, amma ya san kowane lungu na ginin. Ka tara tambayoyinka ka kai masa sau ɗaya ko biyu a yini, lokacin shayi, kar ka riƙa tare shi kowane minti goma. Ranar Juma'a ka riƙo masa tamis da ful, wato gurasa da wake, ko ka ce yau kai za ka biya kuɗin shayi.

Ka yi hattara da wani irin ɗan'uwa, wanda da ka zauna zai fara: wurin nan ba a daɗewa, mudir ba ya son baƙar fata, wane ma kwana arba'in ya yi. Wataƙila akwai gaskiya a wani abin da yake faɗa, amma ba a makonka na biyu kake bukatarsa ba. Ku gaisa, ku yi salla tare, ka wuce.

Mataki na biyar: idan ka yi kuskure, ka riga kowa faɗa

Za ka yi, babu makawa. Tsarin faɗarsa gajere ne: abin da ya faru, abin da ka riga ka yi a kai, abin da kake bukata. "Ya mudir, na rufe hawa na bakwai maimakon na huɗu. Na buɗe shi yanzu, na rufe na huɗun. Ina son mutum ɗaya ya taya ni kwashe ruwan." Haƙuri sau ɗaya ya isa. Wanda ya tsaya yana ta rantse-rantse da ba da haƙuri sau goma yana ƙara wa mai gidan aiki ne, don yanzu sai ya lallashe shi kafin a koma kan gyara. In kuwa aikinka ya shafi rai, kamar jinya ko tuƙi ko lantarki, ɓoye kuskure shi ne babban laifin, ya fi kuskuren kansa.

Daga baya ka buɗe littafinka ka rubuta layi ɗaya: me zan canza. Layi ɗaya, ba shafi ba.

Mataki na shida: a mako na uku ko na huɗu, ka je ka tambayi matsayinka

Mafi yawan masu kula da ma'aikata a nan ba sa kiran mutum su ce ya yi ƙoƙari. Shiru shi ne yabonsu. Kai kuma kana fassara shirun da cewa an gama da kai. Maimakon ka yi ta duban fuska kamar mai duban wata, nemi minti biyar a lokacin da ba a cikin cunkoso, ba da safiyar Lahadi ba da mako ke farawa. Kar ka tambaya "ya kake ganin aikina?", don "kwayyis" za a ce maka a wuce. Ka ce: wane abu ɗaya kake son in gyara a watan nan, kuma wanne zan ci gaba da yi yadda nake yi?

Idan ayyuka sun taru maka, hanya ɗaya ce. Ka jera su ka nuna masa: uku ne a hannuna, wanne zan fara? Ka bar shi ya zaɓa. Da na yi wa mudir ɗinmu tambayar farko, na shirya jin zancen hawa na bakwai. Ko tuna shi bai yi ba. Cewa ya yi ina daɗewa kafin in amsa oba-oba.

Mataki na bakwai: jiki, da wayar gida

Ƙwaƙwalwar da ba ta yi barci ba ƙarya take yi wa mai ita. Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, don haka hirar da aka fara da kai ƙarfe goma na dare a Kano, sha biyu ce a wurinka, ga asuba tana jira. Ka tsayar wa gida lokaci, ka gaya musu da bakinka. In ɗakin kwananku na mutum shida ne kuma dawam ɗinku ya saɓa, abin toshe kunne da ƙyallen rufe ido sun fi ƙarfin kuɗinsu. Ka sha ruwa kafin ƙishi ya zo. Masu aiki a fili su sani cewa daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana sa ma'aikaci aiki a cikin rana daga sha biyu zuwa uku na yamma.

Sai batun da ba a son faɗa. Kafin ka karɓi albashin farko an riga an raba shi a gida, domin a wurinsu wanda ke Makka ya gama samu. Wannan nauyin ne ke mayar da ƙaramin kuskure ya zama kamar ƙarshen duniya, don ba aikin kaɗai kake gani zai suɓuce ba, har da idon mutum ashirin. Ka zaɓi mutum ɗaya mai hankali a gida, mahaifi ko yaya ko matarka, ka gaya masa gaskiya: ina cikin gwaji har wata kaza, abin da zan iya turowa kaza ne, saura sai na zauna. Shi zai tare maka sauran.

Ni a kan hanyar zuwa aiki nake karanta addu'ar Annabi Musa da ke cikin suratu Ɗaha, inda ya roƙi a buɗa masa ƙirji, a sauƙaƙa masa al'amari, a kwance masa ƙullin harshe don a fahimci maganarsa. Ban san addu'ar da ta fi dacewa da mai fama da Larabci biyar ba.

Mataki na takwas: ka bambance baƙunta da zalunci, da kuma ciwo

Duk abin da na faɗa a sama maganin baƙunta ne. Idan an riƙe maka fasfo, ko wata ya wuce wata babu albashi, ko an sa ka aikin da ba shi ke cikin kwantiragi ba, ko ana zagi da duka, wannan ba kokwanton kai ba ne, kuma littafin aljihu ba ya maganinsa. Ka adana saƙonni da takardun banki, ka kira Ma'aikatar Ƙwadago a 19911. Ƙorafi yana farawa ne da zaman sulhu, in bai yiwu ba a miƙa shi kotun ƙwadago. Najeriya tana da ofishin jakadanci a Riyad da ƙaramin ofishi a Jidda. Abin da ba za ka yi ba shi ne ka ɗauke ƙafa kawai ka ɓuya a ɗakin wani a unguwar Misfala ta Makka ko Karantina ta Jidda. Rashin zuwa aiki ba dalili fiye da kwana 15 a jere yana ba mai aiki damar sallamarka ba ko sisi, kuma da zarar an shigar da kai a matsayin wanda ya bar aiki, zamanka a ƙasar ma ya shiga wani hali.

Haka kuma idan mako biyu ko fiye sun wuce ba barci, abinci ba ya shiga, ƙirji yana bugawa tun kafin ka isa bakin ƙofa, ko abin da kake jin daɗinsa a da duk ya fita daga ranka, to a ga likita. Lambar Ma'aikatar Lafiya 937 ce, akwai kuma layin shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, 920033360. In tunanin cutar da kanka ya taɓa gifta maka, kar ka kwana da shi kai kaɗai, ka gaya wa wani a daren, ku nufi asibiti.

Takardar nan ta daren farko kuwa, kar ka yar. Ka ninke ta ka sa a cikin littafin aljihu, duk ranar Alhamis bayan an tashi ka fito da ita ka soke abin da ka iya, ka ƙara sabon da ya ɓullo. Tawa ta kai wata uku, goma sha ɗayan nan suka koma biyu, ɗaya daga ciki har yau sai na kira ɗan Kerala. Baba direba ya bar aiki bara. Sunan da ya sa mini dai ya zauna, har sababbin yaran da ban taɓa ba labarin ba "Abu Sab'a", wato Mai Bakwai, suke kira na a oba-oba.